WAI ZAƁI! Yadda Ake Caca Da Lafiyar Talaka A Karkarar Amurka

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun daɗe muna jin wata waƙa daga bakin wasu 'yan bokonmu, a gidajen rediyo da tarurrukan da ake yi a manyan otal-otal, wai maganin taɓarɓarewar asibitocinmu shi ne gwamnati ta janye hannunta, a sakar wa kasuwa mara, kamfanonin inshora su yi gasa, shi kuma talaka ya zaɓi wanda ya ga dama. Kalmar da suke lasa kamar zuma ita ce "zaɓi". To, tunda Amurka ce alƙiblar masu wannan magana, mun ga ya dace a wannan wata mu ɗauki mai karatu mu kai shi can ya gane wa idonsa. Ba manyan biranen da ake nuna mana a talabijin za mu kai shi ba. Ƙauye za mu kai shi, wurin manomi da makiyayi da direban babbar mota, domin a jikin mai rauni ake gane ko tsari na adalci ne ko na zalunci.

Amurka dai ƙasa ce da ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan harkar lafiya a shekarar 2023 kaɗai, wato kusan kashi 18 cikin 100 na dukkan arzikin da ta samar a shekarar. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Amma galibin asibitocinta ba na gwamnati ba ne, kuma sau da yawa kafin a tambaye ka inda ke maka ciwo an riga an tambaye ka katin inshora. Wata doka ta 1986 ta tilasta a karɓi wanda aka kawo rai a hannun Allah, sai dai ba ta ce kyauta ba. Takardar bashi za ta biyo shi har gida. Ma'aikacin babban kamfani ko na gwamnati, wurin aikinsa ne ke ɗaukar masa inshora. Wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin gwamnati mai suna Medicare. Wanda talauci ya yi wa katutu yana iya shiga Medicaid, gwargwadon abin da jiharsa ta yarda. Saura fa? Mai noma gonar kansa, da mai ɗan kanti, da makaniki, da direban da ke jan motarsa, da wanda ƙarfinsa ya ƙare yana ɗan shekara 60, waɗannan sai dai kowa ya shiga kasuwa ya sayo wa kansa da iyalinsa. Karkara kuwa cike take da irinsu.

A ranar 23 ga Maris 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da Obamacare, a watan Oktoba na 2013 kuma aka buɗe abin da suka kira kasuwar inshora, wani dandali a intanet inda kamfanoni ke baje hajarsu mutum ya shiga ya duba. Musulunci ya hore mu da yin adalci ko ga wanda muke jayayya da shi, don haka ba za mu ɓoye ba: dokar ta rage wani zalunci. Kafin zuwanta kamfani na iya kallon mai ciwon suga ko mai hawan jini ya ce ba zai sayar masa ba. Ta hana wannan. Ta hana a caji dattijo fiye da ninki uku na abin da ake cajin matashi. Ta wajabta wa kamfani ya mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya tara ga jinyar mutane. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan 8 a 2023, kuma a 2025 mutum fiye da miliyan 24 suka yi rajista a wannan kasuwa. Amma mai hankali zai tsaya ya yi tambaya: wace irin sana'a ce wannan, da sai an kafa doka kafin mai ita ya yarda ya yi hulɗa da mara lafiya a kan sha'anin rashin lafiya? An ɗaure kura ne da igiya, ba a mayar da ita akuya ba.

Yanzu ga manominmu ya zauna gaban kwamfuta. Ranar 1 ga Nuwamba ake buɗe kasuwar, bayan 'yan makonni a rufe. Wanda ya makara sai baɗi, in ba aure ya yi ba, ko haihuwa, ko ƙaura, ko ya rasa wata inshorar da yake da ita. Zai tarar an jera masa haja hawa huɗu: tagulla, azurfa, zinariya da filatinam. In aka haɗa lissafin dukkan masu saye, ta farko na ɗauke kashi 60 cikin 100 na kuɗin jinya, ta biyu 70, ta uku 80, ta huɗu 90. Kowace tana da zubin wata-wata. Kowace kuma tana da shinge, wato wani adadi da mutum zai fara kashewa daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfani ya sa hannu a yawancin jinya. A tagulla, wadda ita ce mai araha, wannan shinge a 'yan shekarun nan yakan haura dala 7,000. Bayan ya tsallake ma ba a gama ba: ya biya wani kaso, kamfani ya biya wani, har ya kai iyakar da doka ta yanka, wadda a 2025 ta kasance dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. Ranar 1 ga Janairu kuwa sai a wanke allo a koma farko. Wanda cuta ta kama a Disamba ta tsallaka da shi Janairu, shinge biyu zai tsallake cikin wata biyu.

To, don Allah jama'a, me ake ce masa ya zaɓa a nan? Ana ce masa ne ya faɗi abin da zai same shi baɗi. In ya zaci zai wuni lafiya ya kwana lafiya har shekara ta zagayo, ya ɗauki tagulla. In tarakta ta kife da shi, ya shiga uku. In ya ji tsoro ya ɗauki zinariya, ya yi ta zuba kuɗi mai nauyi wata goma sha biyu, Allah Ya tsare shi bai ko yi mura ba, kuɗin sun tafi ke nan, ko sisi ba za a mayar masa ba don ya zauna lafiya. Ilmin gaibu ake tambayarsa, kuma kan dukiyarsa ake buga wasan. Wannan fa a ƙasar da binciken babban bankinta ya nuna cewa kimanin mutum 37 cikin 100 na manya ba za su iya fitar da dala 400 a take ba in larura ta faɗo musu. Mutumin da dala 400 ta gagara, an sayar masa da kati mai shingen dala 7,000, an ce wai yana da inshora!

Nan ma ba mu zo wurin ba tukuna. Amurka na da gundumomi fiye da 3,000, masu kama da ƙananan hukumominmu, kuma abin da mutum zai gani a kasuwar ya danganta ne da gundumar da yake zaune. Kamfani ne ke zaɓar inda zai yi ciniki. A watan Agusta na 2016 kamfanin Aetna ya sanar da ficewa daga mafi yawan jihohin da yake sayarwa, sai aka wayi gari gundumar Pinal ta jihar Arizona ba ta da ko kamfani ɗaya da zai sayar wa mutanenta a 2017. Sai da aka yi ta kai-kawo kafin Blue Cross Blue Shield na Arizona ya yarda a watan Satumba ya tsaya. Farashin da ake auna kasuwar jihar da shi ya ninka har ya ɗara a wannan shekarar. A 2017 abin ya maimaitu a jihar Ohio bayan kamfanin Anthem ya tattara nasa ya nasa. Gundumar Paulding, ƙasar manoma mai mutane ƙasa da 20,000, ita ce ta ƙarshe a duk ƙasar da ta rage babu mai sayar mata, har zuwa ƙarshen Agusta da CareSource ya karɓa. A shekarar 2018, kusan rabin gundumomin Amurka kamfani ɗaya tilo ke sayarwa a cikinsu, kuma galibinsu na karkara ne. Kasuwa mai rumfa ɗaya! Ina gasar? Ina zaɓin?

Dalilin a fili yake, kuma su kansu ba su ɓoye shi ba. Mutanen ƙauye kaɗan ne, sun fi na birni tsufa da yawan cuta, ayyukansu sun fi haɗari. Asibiti ɗaya ne a yankin, kamfani ba shi da wanda zai yi masa barazana da shi ya rage farashi. In lissafi bai fita ba, kamfani ya naɗe tabarmarsa. Daga baya, da farashi ya hau kuma riba ta bayyana, kamfanoni sun dawo gundumomi da yawa, 'yan kanzagin kasuwa suka yi ta guɗa. Amma wanda riba ta kawo, rashinta zai kore shi: shi dai Aetna ɗin nan da ya dawo, a 2025 ya sake sanar da cewa daga 2026 ya bar wannan kasuwa, ya bar mutum kusan miliyan ɗaya suna neman wani.

Ko da mutum ya sami katin, akwai wani tarko. Kowane kamfani yana da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. In ka je wajen wanda ba ya cikin jerin, a nau'o'i da yawa ko ƙwandala ba za a biya maka ba sai in larurar gaggawa ce. A birni wannan ƙaramar matsala ce, ka tsallaka titi ka shiga wani asibitin. A ƙauye kuwa, likitan zuciya ko na daji da ke cikin jerin yana iya kasancewa tafiyar awa biyu ko uku. Shi kansa asibitin gundumar ba tabbas gare shi ba: daga 2010 zuwa yau asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya, jihohin Texas da Tennessee na kan gaba. Fiye da rabin gundumomin karkara ba su da asibitin da ke karɓar haihuwa. Mace na naƙuda a bayan mota a kan babbar hanya, ba a Birnin Gwari ba, a Amurka! Dokar da ta fara aiki a Janairun 2022 don hana aiko wa majinyaci takardar kuɗi ta bazata ta haɗa har da jirgi mai saukar ungulu, amma ta tsallake motar ɗaukar marasa lafiya, wadda ita ce abin da mutumin ƙauye ya fi buƙata, kuma ba shi ke zaɓar wadda za ta zo ɗaukarsa ba.

Sai kuma duba na biyu da ake sa shi ya yi. Gwamnati na ba da tallafi don rage zubin wata, amma gwargwadon abin da mutum zai samu a shekara mai zuwa, wanda shi ne zai ƙiyasta tun yanzu. Mai albashi ya san albashinsa. Manomi fa? Ya san damina? Ya san farashin masara da waken suya bayan wata goma? A 2021 an faɗaɗa tallafin, a 2022 aka ƙara masa wa'adi zuwa ƙarshen 2025. A kan sabunta shi ne jam'iyyun ƙasar biyu suka yi ta ja-in-ja har aka rufe ayyukan gwamnatin tarayya kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, rufewar da a lokacin ba a taɓa yin mai tsawonta ba. Shekarar ta ƙare ba a sabunta ba. Da haka tsohon ramin ya dawo: a lissafin 2026, mutum ɗaya da abin da ya samu ya wuce dala 62,600, ko miji da mata da suka wuce 84,600, ko da dala ɗaya ce, babu tallafi ko kaɗan, kuma abin da aka riga aka biya masa sai ya mayar da shi duka lokacin haraji. Wato manomi ɗan shekara 60 ya zama mai fargabar Allah Ya sa wa gonarsa albarka. A can ƙasa kuma akwai wani ramin: tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa ba dole ba ne jiha ta faɗaɗa Medicaid, jihohi irin su Texas da Florida da Mississippi suka ƙi. A irinsu akwai wanda talaucinsa ya yi yawa har bai cancanci tallafin kasuwa ba, kuma jiharsa ba ta ɗauke shi a Medicaid ba. Gaba kura, baya sayaki.

Bayan duk wannan, ranar da cuta ta zo, biya ba tabbas ba ne. Cibiyar bincike ta KFF ta duba alƙaluman gwamnati na 2023, ta tarar kamfanonin da ke sayarwa a dandalin tarayya sun ƙi biyan kusan ɗaya cikin biyar na takardun neman biya, alhali jinyar a asibitocin da ke cikin jerinsu aka yi. Waɗanda suka ɗaukaka ƙara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wani bincike na 2022 ya nuna mutum kimanin miliyan 100 a ƙasar na ɗauke da bashin jinya, da yawansu kuwa da katin inshora a aljihu.

Ya 'yan'uwa, duk abin da muka zayyano yana da suna guda a fiƙihu: garari. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da mutum zai ba da sanannen abu ya karɓi wanda bai san ko zai samu ba, bai san yawansa ba, bai san lokacinsa ba. Malamanmu ba yau suka ga wannan ba. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Sham da ya rasu a 1836, ya yi magana a kan inshorar da 'yan kasuwar Turai ke yi wa kayan jiragen ruwa, ya ce bai halatta a karɓi diyyarta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1978 ta haramta inshorar kasuwanci. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a Jidda a Disambar 1985, ta nuna cewa mafita ita ce inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta, sannan a Dubai a 2005 ta sake bin wannan hanya a kan inshorar lafiya musamman. Ban da garari sun ambaci kamanninta da caca, da kuma juya kuɗin da aka tara a harkokin riba.

Ba mu jahilci cewa akwai saɓani ba. Shaihu Mustafa Zarƙa, malami ne da ba a raina iliminsa, ya saɓa wa jama'a a zaman Makka. Hujjarsa ita ce abin da mutum ke saye kwanciyar hankali ce, kuma ya same ta tun ranar da ya sa hannu; sannan ilmin ƙididdiga ya kawar da jahilci, domin kamfani ya san kusan adadin waɗanda za su kwanta a cikin dubu ɗari. Allah Ya jiƙan Malam. Amma muna cewa, ƙididdiga ta kawar da jahilci ne daga ɓangare ɗaya. Kamfani ya san lissafinsa sarai, shi ya sa yake ficewa daga Paulding. Manomi ne aka bari cikin duhu. Kuma wace kwanciyar hankali ce ga mutumin da bai san ko kamfaninsa zai kai baɗi a gundumarsa ba, bai san ko likitansa zai ci gaba da zama cikin jeri ba, bai san ko za a biya in ya kwanta ba? An ce ya sayi kwanciyar hankali, ita ma an ba shi da garari a ciki.

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya je ya ƙuntata wa 'yan'uwanmu da ke zaune can. Akwai su: likitocinmu da ke aiki a asibitocin ƙauyukan da 'yan ƙasar suka guje wa, da direbobi, da masu ƙananan sana'o'i. Tarar da gwamnatin tarayya ke ɗora wa mara inshora ta faɗi tun 2019, ko da yake wasu jihohi suna da tasu, don haka a mafi yawan wurare ba doka ce ke tilasta su ba; tsadar jinya ce, wadda kwana kaɗan a asibiti ke iya cinye gida da abin da ke cikinsa. Malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda ke cikin irin wannan hali saboda matsananciyar buƙata, kuma mu ma a kan haka muke. Laifin na wanda ya gina tarkon ne. Amma wanda larura ta sa ya shiga, ya shiga da ido buɗe. Kada arahar zubin wata ta ruɗe shi. Ya haɗa zubin wata goma sha biyu da iyakar abin da zai iya fita daga aljihunsa, ya ga ko zai iya ɗauka a shekarar da ta fi muni. Ya buga waya asibitin da ya fi kusa da shi ya ji daga bakinsu ko suna karɓar wannan kati, ya duba ko maganin da yake sha kullum yana cikin jerin magungunan kamfanin. In samunsa bai wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci ba, azurfa ce kaɗai ke zuwa da rangwamen da ke sauko da shinge, sau da yawa ta fi tagulla sauƙi nesa ba kusa ba. Ya faɗi gaskiya a kan samunsa, ya gyara in ya sauya. Ya guji dillalan waya masu tallar inshorar wucin-gadi, wadda ke iya ƙin tsohuwar cuta. In an ƙi biyansa ya ɗaukaka ƙara, haƙƙinsa ne a dokarsu.

Wani abin lura, a cikin Amurkar ma akwai waɗanda suka ƙi wannan ciniki saboda addininsu. Kiristocin Amish, manoman da ke zaune a karkarar Pennsylvania da Ohio da Indiana, galibinsu ba sa sayen inshorar kamfani. In ɗayansu ya kwanta jama'arsa ce ke haɗa kuɗi ta biya, har su je su yi ciniki da asibiti a rage musu saboda suna biya hannu da hannu. Dokar 2010 kanta ta amince da wasu ƙungiyoyin Kirista masu raba wa juna nauyin jinya. Sai dai an sami 'yan damfara da suka fake da wannan suna suka cinye kuɗin mutane. Abu biyu muka ɗauka a nan: taimakekeniya mai yiwuwa ce ko a tsakiyar jari-hujja, kuma sunan addini kaɗai ba ya tsare asusu daga ɓarawo.

Me ya kawo mu wannan doguwar tafiya? Gemun maƙwabci ne ya kama wuta. Tun daga shirin SAP na 1986 aka fara koya wa talakan Nijeriya cewa asibitin gwamnati ma sai da kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 1999, wadda aka fara aiwatarwa a 2005, ta sanya kamfanonin HMO a tsakanin majinyaci da asibiti, kuma wannan suna da wannan tsari daga Amurka aka kwaso su. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a benci yana jiran lambar izini daga kamfani kafin a yi masa hoto, ko aka ce masa wannan maganin ba ya ciki, ya ɗanɗani abin da muke faɗi. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa. Amma zuwa 2024 waɗanda ke ciki ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma kusan kashi 70 ko fiye na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci suke fita. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. To, in kamfanin da ke Amurka ya ga babu riba a Paulding, mai titi da wuta da waya, wane kamfani ne zai ga riba a ƙauyen da ke bayan rafi a Zamfara ko Yobe?

Jihohin Arewa da dama, ciki har da Kano da ta kafa hukumarta a 2016, sun kira nasu tsari da sunan taimakekeniya. Mun yaba, kuma muna ganin ya fi kusa da abin da Shari'a ta yarda da shi, tunda asusu ne na jama'a ba na masu hannun jari ba. Amma ba da suna ake hukunci ba. Haƙƙin kowane mai zubi ne ya tambaya: kuɗin nan na waye bayan an zuba? In an sami rara a ƙarshen shekara ina take zuwa? A wane banki aka ajiye, kuma da ruwa ko babu? Nawa mai kula da asusun ke ɗauka a matsayin ladan wakilcinsa? In aka amsa waɗannan a fili, a rubuce, to taimakekeniya ce. In aka yi ta kame-kame, tsohuwar inshorar ce aka naɗa wa rawani. Haka za mu tambayi kamfanonin takaful da aka fara ba lasisi a ƙasar nan a 2016, kuma ba don mun zarge su ba.

Bambancin kuwa ba wasa da kalmomi ba ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ya fi fitowa. Imamu Ƙarafi ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa garari na ɓata cinikin musaya, amma ba ya ɓata kyauta, domin mai kyauta ba jiran canji yake ba. Wanda ya zuba a asusun 'yan'uwa da niyyar taimako, in shekara ta wuce bai kwanta ba bai yi asara ba: kuɗinsa ne suka yi wa matar maƙwabcinsa tiyata. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen da in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangi gaba ɗaya don kada ta murƙushe mutum ɗaya. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, ana jinyar mai kuɗi da talaka ba a karɓar komai. A zamaninmu kuma a Sudan aka fara kafa kamfanin inshorar Musulunci, a 1979. Mu kanmu da gayya da adashi aka raine mu.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma ba za mu yi wa kanmu sassauci ba. Wane masallaci ne a cikin masallatanmu da ba a taɓa sallame salla wani bawan Allah ya miƙe da katin asibiti a hannu, muryarsa na rawa, yana cewa matarsa na kwance an ce sai an biya kafin a shiga da ita ba? Mu jefa masa 'yan canji, mu ɗauki takalmanmu. A wannan masallacin kuwa an tara kuɗin tayil da na sabuwar lasifika cikin Juma'a biyu. Mun iya haramta inshora a kan mumbari, amma me muka ajiye a madadinta? Wanda ya ce wa mai jin ƙishi wannan ruwan najasa ne, ya wajaba ya nuna masa rijiya. In ba mu gina tamu ba, ranar da aka zo tilasta dokar 2022 a ƙofar gidajenmu, duk rumfar da aka nuna mana ita za mu shiga, kamar manomin Pinal.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe ya sa wannan a ajandar zamansa na wata mai zuwa. A yanka abin da kowane magidanci zai iya bayarwa duk wata, a rubuta tun farko cewa kyauta ce ba ajiya ba. A fara da abin da ya fi kashe mana mutane kuma asusu ƙarami zai iya ɗauka: haihuwa da zazzaɓin yara. Kada a yi alƙawarin abin da ba a da shi. Mutum uku su riƙe sa hannu, kada limami ko shugaban reshe ya kasance cikinsu, don a tsare musu mutunci. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Likitoci da malaman jinya da ke cikinmu su je su yi magana da asibitin da ke kusa a kan farashi, kuma a duba ko ya fi sauƙi asusun ya biya wa gajiyayyu rajistar shekara a hukumar taimakekeniya ta jiha, bayan an sami amsar tambayoyin da muka ambata. Batun sanya zakka a ciki kuwa a miƙa shi ga majalisar malamai kafin a taɓa ko naira ɗaya. Reshen da ya fara, ya aiko mana da lissafin wata shida na farko, abin da ya shiga da abin da ya fita da yawan waɗanda aka yi wa jinya, za mu buga shi a wannan shafi ko da giɓi aka samu.